Wa Ya Juye Tsimin Auta?

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci na ranar Talata aka tarar da kwalbar tsimin Auta a kife cikin bahon wanke-wanke, ko ɗigo babu a cikinta. Kafin biyu da rabi duk cibiyar binciken ta gama yanke hukunci a baki: Inna Mai-wanki ce ta zubar.

Ba tsimin sha ba ne, kada wani ya lashe baki. Ma'aikatan ɗakin gwaje-gwajen ne suka laƙaba masa sunan don tsokana. Wani ruwa ne mai kalar shayin da bai ji madara ba, wanda Auta, ƙaramar cikin masu binciken, ta shekara uku cur tana tatsa daga wata funfuna da ta kankaro a jikin ruɓaɓɓen itace. In aka ɗiga shi a haɗin magani aka saka a injin maikurowef na ɗakin, aikin da ke cin kwana biyu sai ya ƙare a minti ashirin. Aibinsa ɗaya, ba ya jure zaman waje. In ya yi rabin wuni babu sanyi, ya mutu. Shi ya sa kullum yana ɗakin sanyi, a kan wani faranti mai juya shi a hankali.

Farfesa, shugaban cibiyar, ya ce kwamiti zai zauna ƙarfe biyar, Inna kuma ta fara haɗa kayanta. Shekara ashirin da biyu tana wanke kwalaben wurin nan, yau za ta fita da sunan wadda ta kashe aikin yarinya.

Labari ya iske Baba Ido-ƙasa a bakin ƙofa, inda yake gadi. Kafin gwiwoyinsa su yi masa tawaye, shekara talatin ya yi yana bin sawu a gandun daji, yau ɓarayin itace, gobe dabbar da ta ɓata. Har yanzu in yana tafiya idonsa na ƙasa, ka gaishe shi ma takalminka zai fara amsa wa. Da ya ji sunan Inna sai ya damƙa wa abokin gadinsa makulli, ya hau bene yana dafa bango.

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa ƙarfe biyar," ya ce wa Farfesa.

"Baba, nan ba daji ba ne. Tayil ne, ba ya riƙe sawu."

"Yana riƙewa, ranka ya daɗe, sai dai an durƙusa masa. Tun safe babu wanda ya fita da kaya ta ƙofata. A bar ni in duba."

Farfesa ya kalli agogo, ya ɗaga kafaɗa. Shi ma a ransa ba ya son korar, abin dai ya fi ƙarfinsa ne.

*

A ƙofar ɗakin sanyi Baba ya sami Auta, idanu sun kumbura. Ta ce ƙarfe sha ɗaya ta leƙa, kwalbar na kan farantinta tana juyawa lafiya lau. Ta tafi ɗakin karatu, ta dawo biyu, ta tarar da faranti a kashe, kwalba a bahon Inna.

"Me ke juya ruwan, 'yata?"

"Wata 'yar farar ƙwaya ce ta maganaɗisu, kamar ƙwayar magani. Ana jefa ta cikin kwalbar, farantin ya dinga juya ta daga ƙasa."

Baba ya yi bismilla ya durƙusa, gwiwa ta yi ƙara. Ya kwantar da kuncinsa daf da tayil, ya kalli ƙasan ta wajen da haske ke shigowa. A tsaye ba ka ganin komai. A kwance kuwa ga su nan, zobba ƙanana na ɗigon ruwa da ya bushe, sun shigo ɗakin, sun tsaya gaban farantin, sun sake fita. Ga kuma sawun wani takalmi mai cinyayyen dunduniya a ɓangaren hagu.

"Wa ke yawo da ruwa a nan?"

"Ƙanƙara ce, Baba. In za mu ɗauki abu daga nan zuwa wani ɗaki, a bokitin ƙanƙara muke sa shi. Bokitan duk suna yoyo."

"To wanda zai zubar da abu, me zai yi da ƙanƙara?"

Baba ya ga alamar sa rai ta dawo fuskar Auta, sai ya ji tsoro, don bai da tabbas tukuna.

"Riƙe bakinki," ya ce. "Kada ki gaya wa kowa. Kama ni in tashi."

*

Ɗigon ya bi baranda, yana manne da bango, har ya mutu a kan wani shimfiɗin roba. Daga nan hanya biyu ce, matakalar baya da ƙofar ɗakin maikurowef. Baba ya tura ƙofar.

Injiniya, mai kula da injin, gajere ne mai tumbi da saurin fushi. Kowa ya san makon jiya sun yi cacar baki da Auta, ya ce ta mallake injin kamar na gidansu. Baba bai kalli fuskarsa ba, takalminsa ya kalla. Dunduniyar hagu a cinye take.

"Injiniya, me ka je yi ɗakin sanyi yau?"

"Ni? Wa ya ce na shiga?"

"Takalminka."

Injiniya ya yi gumi nan take. Ya leƙa baranda, ya rufe ƙofa, ya rage murya. "Don girman Allah kada Farfesa ya ji. Kwalbar lemona nake ɓoyewa a bayan kwalaye. An hana, na sani. Sha ɗaya da rabi na ɗauko, kuma wallahi tsimin na nan yana juyawa. Tun sha biyu kuma ina gaban injin nan, duba allon, kowane minti goma sai na taɓa shi."

Baba bai iya karanta allon ba, amma ya riga ya karanta ƙasa. Ɗigo biyu a kan sawun takalmin suka faɗa, ba a ƙarƙashinsa ba. Mai ƙanƙara bayan Injiniya ya shiga.

"Sha lemonka," ya ce. "Amma ka nemi mai gyaran takalmi, kana tona wa kanka asiri."

*

Ɗakin wanke-wanke ƙarami ne, baho biyu, famfo, da bango cike da turakun da ake kife kwalabe. Inna ta riga ta cire rigar aikinta ta ninke, ta zauna a kujera jaka a cinya. Ba ta kuka, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Baba rai.

Shekara shida da suka wuce, yana sabon zuwa wurin nan, matarsa ta kwanta asibiti. Ba su da kowa a garin. Inna ta ji labari a bakin wani, ba ta ma san sunansa ba, sai ta fara zuwa. Wata biyu, kullum lokacin hutun rana, ita ce wanka, ita ce juya marar lafiya, ita ce tsefe mata kai, har ranar da aka rufe mata ido. Marigayiyar takan ce mata Yaya, shi ma sai ya ɗauka.

"Yaya, gaya min yadda aka yi."

"Sha biyu da rabi na fita cin abinci, bahona a bushe. Na dawo na tarar da mutane a kansa. Malam, ni ban yi boko ba, amma ban taɓa zubar da abin da ke da takarda a jiki ba. Ko sau ɗaya."

Ya duba bahon. Akwai rariya a bakin magudanar, babu komai a ciki. A kan taga ya ga wani gwangwani, ya buɗe, fararen ƙwayoyin maganaɗisu ne sun cure wuri ɗaya.

"Waɗannan fa?"

"Na yaran nan ne. Sai su kawo kwalba da ƙwayar a ciki, in juye a rariya in tsince. Ranar Juma'a su zo suna rabawa, kowa na rantsuwa tasa ce."

"Ta kwalbar Auta tana ciki?"

"Tata mai ɓallin baki ce, na san ta. Ba ta zo nan ba."

"Kenan wanda ya juye ya fara cire ƙwayar. Duk yaran mantuwa gare su, kika ce?"

"Duk."

"Dukkansu, Yaya?"

Inna ta tashi ta ɗauki tsumma, ta shiga goge bahon da yake a bushe. Baba ya yi shekaru yana karanta dabbar da ta kauce hanya don kada a gano inda 'ya'yanta suke. Bai ƙara tambayarta ba.

*

Saura mutum ɗaya mai makullin ɗakin sanyi. Dakta Tsaf, dogon mutum mai sanyin murya, wanda ya sami sunansa saboda ko biro ba ya ajiyewa a karkace. Shi ya koya wa Auta riƙe kwalba da auna ruwa. Shekararsa tara yana neman irin abin da ta samu a uku, kuma kowa na yabonsa da cewa bai taɓa nuna hassada ba.

"Abin tausayi," ya ce da Baba ya je wurinsa, yana jera bututun gilashi a teburinsa. "Ina ofis ina rubutu tun sha biyu. Tsufa ne, Baba, ba mugunta ba. Zan roƙi kwamiti su sassauta mata."

"Allah ya saka."

Baba ya durƙusa kamar zai gyara igiyar takalmi. Ƙasan teburin fes, an goge, ba ɗigo ba ƙura. Ga kuma ƙarfe huɗu ta wuce. Ya kama ƙafar tebur zai miƙe, tashin ya zo masa da wuya, dole ya ɗaga kai yana cije leɓe. A nan ya gan su. A ƙarƙashin kantar ƙarfen da ke saman teburin, fararen ƙwayoyi ne maƙale a jere, kamar haƙora.

"Dakta, waɗannan ado ne?"

Dakta Tsaf ya yi murmushi. "Nawa ne. Shekara tara ban taɓa yar da ko ɗaya ba. Kafin in juye komai sai na zaro ta da sandar maganaɗisu, in maƙala a sama. Na yi ta koya wa yaran nan, sun ƙi ji."

Baba ya yi godiya ya fita. Ya koma ɗakin sanyi shi kaɗai, ya tsaya gaban farantin, ya yi abin da bai saba yi ba, ya kalli sama. Ga ta nan a ƙarƙashin kanta ta can ƙoli, fara, ƙarama, mai ɓallin baki. Ya yi wa kansa dariya. Ɗazu yana ta rarrafe a ɗakin nan, abin yana bisa kansa. Bai taɓa ta ba, ya ja ƙofa.

*

Biyar saura kwata ya tara su a babban ɗakin gwaji: Farfesa, Auta, Injiniya, Dakta Tsaf, da Inna da jakarta a hannu. Ya sa Auta ta jera kwalabe huɗu a bakin baho, kowace da ruwan famfo da ƙwaya a ciki.

"Ranka ya daɗe, ni jahili ne a aikinku," ya ce. "So nake in ga yadda ruwa ke fita daga irin kwalbar nan. Kowa ya juye min ɗaya, yadda ya saba."

"Wasan yara za mu yi?" in ji Injiniya. Amma ya ɗauka ya tuntsurar, ƙwayar ta faɗa baho da ƙara, ya bi ta da hannu yana tsaki. Auta ta juye tata a hankali, ƙwayar ta zauna a gindin kwalba, ta ajiye ta haka. Inna ta jawo rariya, ta juye a kai, ta tsince.

Dakta Tsaf ya girgiza kai irin na malamin da ɗalibai suka ba kunya. Ya zaro siririyar sanda daga aljihun farar rigarsa, ya tsoma, ƙwayar ta manne, ya cire ta. Yana cewa, "Kun gani, abu mai sauƙi," hannunsa ya riga ya tafi sama, yana laluben ƙasan kanta. Sai hannun ya tsaya a iska.

Baba ya ga lokacin da mutumin ya tuna.

"Ranka ya daɗe, a biyo ni," ya ce.

A ɗakin sanyi ya nuna musu ɗigon ƙanƙara, sannan ya nuna sama. Farfesa ya yi ɗage ya ɓanɓaro ƙwayar, ya miƙa wa Auta.

"Tawa ce," ta ce. "Ga ɓallin. Tana cikin tsimin da safe."

"Inna ko ta hau kujera ba ta kaiwa nan," in ji Baba. "Injiniya ma haka, kada ya ji haushi. Wanda ya yi aikin nan ya goge ƙasan teburinsa, ya kashe faranti, ya kai kwalba bahon da zai ɗauki laifi. Duk ya yi tunaninsu. Ƙwayar ce kawai bai yi tunani ba, hannunsa ne ya yi masa. Dakta, ƙanƙarar nan tun kafin ƙarfe ɗaya take narkewa. Yarinyar nan shekara uku ta yi. Ina yake?"

Dakta Tsaf ya jingina da bango. Da ya yi magana, da ƙyar aka ji.

"Yana kabad ɗin ofishina, a bokiti. Na juye a wata kwalba. So na yi in gwada a nawa aikin, sau ɗaya. Shekara tara, Farfesa. Na ɗauka faɗa kawai za a yi wa Inna, a wuce wurin."

"Da aka ce kora ce fa?" Farfesa ya tambaya.

Dakta Tsaf bai iya kallon inda Inna take ba.

*

Auta ta dawo da gudu, bokitin rungume a ƙirji. Ƙanƙarar ta zama ruwa, sai 'yan gutsattsari ke yawo a kai. Ta ɗiga tsimin a wani farin ruwa cikin bututu, ta ce in yana da rai ruwan zai koma rawaya. Injiniya, wanda makon jiya ya rantse ba za ta ƙara taɓa injinsa ba sai da takarda, shi ya buɗe mata murfin da kansa, ya saita zafin ƙasa-ƙasa.

Minti uku aka ce. Baba bai taɓa sanin minti uku na da tsawo haka ba. Injin ya yi ƙara, Injiniya ya zaro bututun ya ɗaga wa taga. Rawaya ne sosai.

Auta ta durƙusa a wurin, ta kama hannun Baba da hannu biyu tana kuka tana godiya, maganar ma ba ta fita daidai. Daga nan ta rarrafa wurin Inna.

"Inna, ki yafe min. Da suka ce ke ce, ban ce ba ke ba ce. Shiru na yi."

"Tashi, 'yar nan, kin ɓata gwiwar wandonki. Je ki mayar da abinki sanyi."

Farfesa ya cire tabarau, ya tsaya gaban Inna a gaban kowa, ya ce cibiyar ta yi mata laifi, shi ne kuma na farko. Ya ce kwamiti zai zauna ƙarfe biyar kamar yadda aka tsara, sai dai ba a kanta ba. Ya juya ga Baba, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

*

Da kowa ya watse, Baba ya leƙa ɗakin wanke-wanke. Inna na tsaye, ta ajiye jaka, tana kallon rigar aikinta a ninke.

"Yaya, kin san shi ne."

"Tun da na ga kwalba babu ƙwaya." Ta sauke numfashi. "Tun yana ɗalibi nake wanke masa kaya, Malam. Ranar da aikinsa na farko ya lalace, a kujerar nan ya zauna ya yi kuka, ni na ba shi ruwa. Na ce bari in ba shi zuwa ƙarfe biyar, ko zai zo da ƙafarsa."

"Da bai zo ba fa?"

"Da na tafi gida. Da baƙin ciki zan tafi, ba na ɓoye maka." Ta share ido da gefen mayafi. "Shekara ashirin da biyu, mutum ɗaya ne ya hau bene saboda ni, shi ma da gwiwar aro. Na gode, Malam. Allah ya sani na gode."

Baba ya shekara shida yana neman ranar da zai faɗa mata abin da ke ransa, yau ga ranar, ga bakin ya ƙi.

"Wata biyu, Yaya," ya ce da ƙyar. "Wata biyu kina zuwa asibitin nan. Ko sannu ban iya yi miki da kyau ba."

"Ta yi min a madadinka. Ta ce in yi haƙuri da kai, mutumin kirki ne, sai dai tun da ta aure ka ba ka taɓa ɗaga kai ka kalli sama ba." Inna ta yi dariya, hawaye na zuba. "Da tana nan yau, da ta sha mamaki."

Ta warware rigar, ta ɗaura, ta buɗe famfo. Kwalabe huɗun nan na gwaji suna jira a baho. Baba ya naɗe hannun rigarsa ya tsaya gefenta, tana wankewa tana miƙo masa, shi kuma yana kifewa a turakun sama, waɗanda hannunta ba ya kaiwa.